Kuben da Na Kai wa Nasiru Amurka

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Duk wadda ta shigo yi min sannu da zuwa, kafin ta gama cire takalmi sai ta ce, "Malama Hajara, ya Amurka?" In na ce lafiya lau, sai a ce ina rowar labari. Ba rowa ba ce. Ɗakin Baba yana jikin falon da muke zama, kuma idonsa ne ya tafi, kunnensa yana nan garau. Akwai abin da ba na so ya ji, shi ya sa na zauna na rubuta muku. Ku karanta a gidajenku, kada wadda ta zo ta tayar min da zancen a nan.

Ni ba yawon buɗe ido na je ba, aikena aka yi. Ƙanena Nasiru, autanmu, shekara goma sha ɗaya ke nan yana can bai tako gida ba. Da Inna ta rasu ya ce takardunsa ba su fito ba, muka yi masa uzuri. Takardu suka fito, har ya zama ɗan ƙasa, sai ya koma cewa aiki ya yi yawa. Baba kuwa tun bara ƙoda ta sa shi gaba, likita ya ja ni gefe ya gaya min abin da ya gaya min. Da na matsa wa Nasiru a waya, maimakon ya zo sai ya aiko min da takardar gayyata da tikiti, wai in je in huta.

Sai na gaya muku labarin kube kafin ku gane sauran. Baba tsohon sufeton 'yan sanda ne. Da ya yi ritaya ya mayar wa gwamnati da bindigarta, wata 'yar ƙaramar libarba, irin mai juyawar nan. Amma kubenta na fata nasa ne, shi ya sa wani baduku ya ɗinka masa, don haka ya taho gida da abinsa. A gidanmu kuben nan shi ne sammaci. In Baba ya aika maka da shi, ba wasiƙa ba magana, to ka taso ka dawo masa da shi da ƙafarka, ka sa a hannunsa. Ya taɓa aika wa Baffa, ƙaninsa, bayan sun yi shekara biyu ba sa ga maciji, Baffa ya zo a kwana na uku. Ya aika wa marigayi maigidana lokacin da muka sami saɓani, ya zo har yana tuntuɓe a zaure. Shi kansa Nasiru ya taɓa karɓa yana jami'a, da ya ƙi zuwa hutu. Kuben nan bai taɓa cika mako a hannun kowa ba.

Ranar da zan tafi Baba ya kira ni, ya laluba ƙarƙashin matashi ya zaro shi.

"Ki ba shi," ya ce. "Kada ki roƙe shi. Kada ki ce masa ina jin jiki. In ya tambaya ki ce da sauƙi. Wannan ya isa."

Na ce to, Baba. Wannan "to" ɗin ita ce har yau take cina.

Hanyar Zariya zuwa Abuja ba sai na faɗa muku ba, kowa a motar carbinsa yake ja, direba yana gudu kamar ya saci motar. A jirgi Allah ya haɗa ni da wata dattijuwa 'yar Maraɗi, za ta je wankan jegon 'yarta. Ita ce ta ɗebe min kewa. Akwati "baliz" take ce masa, kuma duk abincin da aka kawo sai ta buɗe ta leƙa ta rufe, ta ce, "Wanga ba na mutane ba ne." Sai ta zaro ƙullin tukuɗi daga jaka mu dama a kofin shayi. Muka sauka Habasha muka canja jirgi, daga nan kuma sai zama har ƙafafuna suka kumbura takalmi ya ƙi shiga.

A filin jirgin Washington aka fara nuna min iyakata. Wani kare mai dogayen kunnuwa, an sa masa riga wai ma'aikaci ne, ya bi layi yana shinshina, ya wuce kowa ya zo ya zauna a gaban akwatina. Wani jami'i ya ja ni gefe. Kilishin da na sa aka yi musamman, da dambun nama, duk aka juye a kwandon shara ina kallo. Kuka da daddawa jami'in ya ɗaga ya shinshina ya yamutsa fuska, ya bar min su. Sai hannunsa ya kai kan kube.

"Ina bindigar?" ya ce.

Shekara talatin ina koyar da Turanci, amma nasa ta hanci yake fitowa, sai da ya maimaita. Na ce masa bindigar an mayar wa mai ita tun ba a haife ka ba. Bai yi dariya ba. Ya kira wani, suka zazzage akwatin tas, har kayan da ba a nunawa sai da aka shanya su a tebur. Na fi awa ɗaya a tsaye. Da suka miƙo min kuben sai na sa shi a cikin jakar hannuna na rungume, ina jin kamar na ci wata jarrabawa. Da na san abin da ke gaba, wallahi da na ce su haɗa shi da kilishin.

Nasiru yana bakin ƙofar fita. Ya yi ƙiba, furfura ta fito masa a gemu, autan Inna! Ya rungume ni a gaban jama'a yana "Yaya! Yaya!" har na ji kunya. Muna shiga mota ya ce, "Ya jikin Baba?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ya ce alhamdu lillahi, ya kunna rediyo.

Gidansu yana wata unguwa da ake kira Hyattsville, hawa na uku, ɗaki biyu da falo, ƙofa mai makulli uku. Matarsa Memuna 'yar zangon Kumasi ce, mutuniyar kirki, ba ni da abin cewa a kanta. Hausarta dai sai ka saba, mace ma "ya zo" take ce mata. Ta tarbe ni da shinkafa da wake irin nasu, ja-ja, da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito, na ci ina hawaye ina ƙarawa. 'Ya'yansu mata biyu suna jin Hausa sarai, amma in ka ce "ina kwana" sai su mayar maka da Turanci. Washegari na ce bari in gyara musu gida, na kunna gawayi na zuba turaren wuta. Kafin in ajiye kasko wani abu mai jin hayaƙi a rufin ɗaki ya fara ihu, na duk benen ya kama, maƙwabta suka fito da karnukansu a hannu. A ranar na fara ganin fuskokinsu, kuma ba gaisuwa ta fito da su ba.

A ranar ne kuma na ba shi saƙon. Bayan mun karya, na zaro kuben na ajiye a gabansa, ban ce komai ba, kamar yadda aka umarce ni. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗauka ya juya, ya shinshina, ya yi wata dariya da ban so ba.

"Kai! Ashe har yanzu yana nan?"

Memuna ta tambaya mene ne. Ya ce, "Tsaraba ce daga Baba." Ya tashi ya sa a durowa, ya ce zai makara aiki.

Tsaraba! Na haɗiye, na ce wataƙila kunyar matarsa yake ji. Na fara ƙirga kwanaki.

Aikin nasa kuwa, a gidan tsofaffi yake. Haka suke yi a can, in uba ya tsufa sai a kai shi wani gida a ajiye, 'ya'ya su riƙa leƙowa ranar Lahadi da fure. Wata rana Memuna ta biya da ni za mu karɓi makullin mota, na hango shi ta ƙofa. Yana durƙushe a gaban wani tsohon Bature, ya ɗora ƙafarsa a cinya yana yanke masa farce a hankali, yana yi masa hira, tsohon yana dafa kansa. Ni ce nake yanke wa Baba farce, kuma ban iya ba, kullum sai na ji masa ciwo. Ba zan ɓoye muku ba, kishi na ji, irin mai ɗaci. Na koma mota na zauna.

Kwana bakwai suka cika, kube yana durowa. A na takwas Nasiru ya ce, "Yaya, shirya, za mu fita. Maganar kuben Baba ce." Zuciyata ta yi fari. Na ɗauka ofishin sayar da tikiti za mu, har leshina mai kyau na sa. Muka yi ta tafiya ta hanyar wani gari wai shi Clinton, sai ga mu a gaban wani kanti mai ƙarafa a tagogi.

Jama'a, bindigogi ne a rataye a bango reras, kamar fartanyu a kasuwar ƙauye. Mata da maza suna zaɓe, ana ta hira. Mai kantin wani tsoho ne mai jan fuska, da gani ya san Nasiru, don bai tambaye shi komai ba ya buɗe gilashi ya ɗauko wata 'yar ƙarama ya ajiye a kan ƙyalle. Ita ce sak irin ta Baba: gajeren baki, baƙin fentinta ya koɗe a gefe-gefe, ƙotar katako ta yi sumul saboda hannun wani. Tsohon ya ce ta girme Nasiru, ta wani ɗan sandan ciki ce da ya mutu, 'ya'yansa suka kawo suka sayar. Ya ɓalle ta ya nuna mana ramukan harsashi shida, ya haska tocila a cikin bakin, ya girgiza abin da ke juyawa don mu ga bai yi sako-sako ba. Nasiru yana ta gyaɗa kai kamar wanda ya sani.

Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro kuben Baba. Ya zura ta. Ta shige daidai, har da 'yar ƙara, kamar don ita aka ɗinka. Tsohon ya yi fito, ya karɓa yana duba ɗinkin, ya ce bai taɓa ganin aikin fata irin wannan ba, ko za a sayar masa? Na miƙa hannu zan fizge kayan ubana, sai ya janye da sauri ya tambayi Nasiru da wace irin biza na shigo. Wai baƙo mai ziyara doka ba ta yarda ya taɓa bindiga ba. Ni da aka goya a bariki! Sai da ya zare bindigar sannan ya bar ni na taɓa kuben, shi ma Nasiru ya karɓe ya mayar aljihu.

A nan na ji sauran labarin. Ashe tun watannin baya ya shiga ajin koyon harbi, an ɗauki zanen yatsunsa, an ba shi lasisi, wai an taɓa fasa masa gilashin mota. Ya cike takardu ya biya, aka ce sai bayan kwana bakwai zai dawo ya ɗauka, haka dokar jihar take. A mota ya ce, "Yaya, kin ga yadda ta zauna? Baba zai ji daɗi."

Makon jiran nan aka yi ta yawo da ni. Mun shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, mun ga manyan gine-gine farare, an ɗauke ni hoto a gaban wani dogon dutse mai tsini. Kada ku tambaye ni sunayensu, ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne wayar da na yi da Baba.

"Ya karɓa?" ya ce.

"Ya karɓa, Baba."

"To, madalla."

Memuna tana jina daga kicin. Ta fito tana goge hannu ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri da shi. Duk ranar da ya yi waya da Baba ba ya cin abinci." Na ce mata Baba ma ya daina ci, kuma shi ba waya ce ta hana shi ba. Na yi nadamar faɗa mata haka, ba ita ta yi min laifi ba.

Saura kwana biyu in taho ya ɗauki hutun yini guda, muka je ya karɓo bindigar, muka wuce wurin gwajin harbi a bayan garin Beltsville. Wani dogon ɗaki ne an raba shi layi-layi. Ni aka zaunar da ni a bayan gilashi, aka ɗora min abin toshe kunne a kan hijabi, Nasiru ya ba ni wayarsa wai in ɗauke shi bidiyo a nuna wa Baba. Ya maƙala wata takarda mai zanen da'ira, ya danna maɓalli ta tafi can nesa. Ya zuba harsasai shida ɗaya bayan ɗaya, ɗaya ya faɗi ƙasa ya sunkuya ya ɗauka.

A layin da ke gefensa wata 'yar siririyar mata ce take harbi hankali kwance, tana tauna cingam. Shi kuwa ɗan Sufeto, ya riƙe da hannu biyu, ya ja kunama da ƙyar, kuma ina kallonsa sarai: kafin bindigar ta tashi sai ya rufe ido. Ƙarar ta dake ni a ƙirji duk da gilashin, wuta ta fito ta bakin, bindigar ta yi tsalle sama. Sau shida, sau shida yana runtse ido. Warin albarushi ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa, na tuna bariki, na tuna Baba yana goge tasa da tsumma ranar Asabar, Nasiru yana zaune a cinyarsa. Da takardar ta dawo rami huɗu ne a jiki, a warwatse, biyu ko takardar ba su samu ba. Ya fito yana yarfa hannu yana murmushi, wai 'yar ƙarama ce amma akwai cizo.

A wurin ajiye motoci ya zazzage bindigar, ya sa a kube, ya rufe a akwati ya kulle a but. Jin ƙarar but ɗin nan ne ya ƙarasa ni. Na karya umarnin Baba.

"Nasiru, kai wa kake yi wa wasa? Ka manta abin da kuben nan yake nufi ne?"

Ya tsaya da makulli a hannu. "Ban manta ba, Yaya."

"To bari ka ji. Ba sauƙi. Ƙarya nake yi maka, ƙarya muke yi maka duka. Ubanka mutuwa yake yi. Ba ya gani, ba ya tashi sai an ɗaga shi. Likita ya ce ko azumi ba lalle ya kai ba."

Na zaci zai firgita. Ko gezau.

"Na sani," ya ce. "Aikina ne. Daga muryarsa a waya na sani, tun kafin ki zo."

"Ka sani? Ka sani kake yawo da ni kantin bindiga?"

Ya jingina da motar. Ya ce duk wata sai ya rufe wa wani tsoho ido, ya wanke shi, ya kira 'ya'yansa. Ya ce ya san yadda ƙoda take gamawa da mutum, daki-daki, kuma zai iya gani a jikin uban kowa ban da nasa. "Baban da na sani yana tsaye da kaki, Yaya. Ba zan iya zuwa in tarar da ragowarsa ba. Ki kira ni matsoraci, na yarda."

Na ce, "Matsoraci ma yana da kunya. Buɗe but ɗin ka ba ni kayan ubana in mayar masa."

"A'a."

"Me ka ce?"

"In kika mayar masa, ya san na ƙi ke nan. In yana wurina, zai ce ina hanya. Ki bar shi da wannan."

Sai a lokacin na gane kan abin. Ba don ɓarayin mota ya sayi bindigar ba, ba kuma don kewar Baba ba. So yake ya cika kuben da abin da ba a hawa jirgi da shi zuwa gida, ya kulle a akwati, ya samu dalilin da zai riƙa gaya wa kansa. Na zage shi, zagin da ban taɓa yi wa ɗan'uwa ba, har wani Bature ya leƙo daga motarsa. Bai rama ba. Yana ta kuka kamar ƙaramin yaro, amma bai buɗe but ɗin ba.

Ranar tahowa ya cika min akwati da magunguna da takalma da rigunan sanyi. A saman kayan ya ninke takardar nan mai ramuka, wai in kai wa Baba. Na so in yaga ta, ban san abin da ya hana ni ba. Memuna ce ta rungume ni a filin jirgi. Shi da ya matso na ba shi hannun akwati ya riƙe, na karɓa na wuce.

Da na iso Zariya ko mayafi ban cire ba na shiga wurin Baba. Ya ƙara ramewa a mako ukun nan. Bidiyo ba shi da amfani gare shi, sai na sa masa takardar a hannu na ce harbin Nasiru ne, ya sayi irin bindigarka. Ya shimfiɗa ta a cinya yana bi da yatsa, yana zura ɗan yatsa a kowane rami. Ya ƙirga huɗu, ya sake lalubawa yana neman sauran.

"Rufe ido yake yi," ya ce. "Tun yana yaro haka yake. In ya zo zan gyara masa."

Sannan ya miƙo tafin hannu. "Ina kube?"

"Yana wurinsa, Baba."

"Bai ba ki ki kawo ba?"

"Bai ba ni ba."

Wallahi na daɗe ban ga fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba. Ya ce, "To, yana tafe ke nan. A share masa ɗakin waje." Na fita na ɗauki tsintsiya da hannuna na share ɗakin, na yi shimfiɗa.

Yau kwana ashirin da uku. Ya koma shan kunu, har yana neman ƙari, wai kada yaro ya zo ya same shi ba ƙarfi. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ya ɗaga kai ya ce in leƙa. Ina leƙawa, in dawo in ce ta maƙwabta ce.

Ga Amurkar da kuke tambaya. In kun shigo gaishe shi zai gaya muku Nasiru yana hanya, kowa yake gaya wa. Don Allah kada wadda ta kalle ni. Ku ce masa Allah ya kawo shi lafiya.